Ruwa Ya Yi Gyara

Zazzaɓin ya kama ni tun da hantsi, kafin azahar ya gama raba ni da ƙafafuna. Garin da ake taron sanyi gare shi irin wanda ba a yi jikin 'yar bakin kogi dominsa ba. Rana ma leƙowa kawai take yi ta koma, kamar wadda ta yi ɓatan gida. Na sami wani lungu bayan ginshiƙi, a doguwar barandar da matasa ke zubewa kan kafet suna cajin waya, na tada kai da jakata, na ce bari in ɗan runtsa kafin a kira mu.

Sunana Barira. Daga Kwarin Jirgi na fito, wani ƙaramin gari a bakin kogi, kuma ƙungiyar matasa ce ta kawo ni taron duniya kan sauyin yanayi. Katin da aka rataya mini a wuya ruwan ɗorawa ne, ma'anarsa in shiga, in zauna, in yi kallo. Masu kati ruwan hoda su ne wakilan gwamnatoci, su ke da kujera da ikon cewa e ko a'a. Mu matasa minti biyu ake ba mu, a ƙarshen zama, lokacin da manya suka fara laluben rigunan sanyinsu.

Minti biyun nan an taɓa ba ni su a makon farko, na kuwa yi abin da har yanzu in na tuna sai in ji kamar in nutse. Na miƙe na gaida shugabar zama. Na gaida ministoci, na gaida iyayenmu maza da mata, na yi musu barka da hanya da ban gajiya, na gode wa masu masauki. A gidanmu haka aka koya mana. Ba ka faɗa wa babba abin da ya kawo ka sai ka gaishe shi ya amsa, an sha ruwa, an taɓa hira, sai za ka tashi sannan ka ce, dama na zo ne. To ina kawowa kan "dama", jar fitilar makirufo ta mutu. Da muka fito kuma wata wakiliya ta tare ni, ta ce ta ji an yi ambaliya a wajenmu, yaya mutanen gida? Bakina ya riga ni. Na ce lafiya lau, mun gode Allah. Ta ji daɗi ƙwarai, ta wuce abinta.

Lawali, jagoran tawagarmu, ɗan Maraɗi ne, kuma bakinsa ba ya ajiya.

"Barira, mi kika yi haka? Jirgi biyu kika hawo don ki zo ki yi ma mutane barka da sanyi?"

Ni kuwa na san abin da na bari ban faɗa ba. Ranar da zan taho, Gwaggo Tabawa, yayar mahaifina, ta riƙe mini tsintsiyar hannu a tasha ta ce, "Ki ce musu ruwa ya tafi da makabarta. Ɗaki mun sake, gona mun sake, amma ba mu da inda za mu nuna wa yaro mu ce nan kakanka yake." A cikin kaburburan da kogin ya kwashe har da na Baba.

Mu matasa mun yi ta faman a sa layi ɗaya a yarjejeniyar, cewa a riƙa lissafi har da asarar da ba a sayar da irinta a kasuwa. An rubuta layin, amma an sa shi cikin baka biyu, alamar ba a amince ba tukuna. Duk abin da aka tashi taro yana cikin baka biyu, share shi ake yi. Yau ne zaman ƙarshe, kuma Lawali ya yi ta rigima har aka sake ba ni minti biyun. Ya ce in na kuma gaisuwa, da hannunsa zai kashe makirufon.

Ina cikin juya wannan a raina idona ya yi nauyi. Muryoyin da ke barandar suka narke suka zama ƙara ɗaya mai taushi, sai na ji kafet ɗin da nake kwance a kai yana numfashi.

Furannin da aka zana a jikinsa suka buɗe ɗaya bayan ɗaya suka zama bado. Ruwa ya taso ta tsakaninsu, mai ɗumi, mai ƙamshin laka irin ta gida. Barandar ta miƙe ta zama rafi, fitilun rufi suka sauko suna iyo a cikinsa. Ban ji tsoro ba. Jakata ta buɗe ta yi tsawo ta zama kwalekwale, na tsinci kaina zaune a ciki. A bayana wani zalɓe na tsaye da ƙafa ɗaya, yana tuƙi da ɗayar, ga kati ruwan ɗorawa yana lilo a dogon wuyansa.

"Kai ma taron ka zo?" na tambaye shi.

"Ɗan kallo ne," ya ce. "Tun kafin a haifi kakanki nake tsaye a bakin ruwa ina gani. Ba a taɓa tambayata ba."

"Ina za mu?"

"Inda aka kai maganarki."

Muka bi rafin. Ƙofofi na wucewa dama da hagu, kowace da lamba, lambobin kuma suna sauya wuri in an kalle su. Matasa na ta shawagi a saman ruwan, wasu a kan kujeru, wasu a kan allunan zanga-zanga, wata 'yar tsibiri tana zaune cikin rabin kwakwa tana kwashe ruwa da tafin hannu. Duk muka gaisa da ido. A ƙarshe muka tsaya gaban wata ƙofa mai tsayin giginya, ba ta da mariƙi, sai ido ɗaya a tsakiya.

"Wane launi?" in ji ƙofar.

"Ruwan ɗorawa."

"Ki shiga da kunnenki. Ki bar bakinki a nan."

Sai na lura da bakin ƙofar. Bakuna ne jere reras kamar takalma a ƙofar masallaci, manya da ƙanana, kowanne yana motsi a hankali da yaren garinsu. Wani yana kiran sunan dutsen ƙanƙarar da ya narke, wani yana kiran sunan rijiya. Haushi ya kama ni, amma ni 'yar gidan biyayya ce. Na sa hannu na cire nawa, ya fito salin alin. Kafin in ajiye, zalɓen ya miƙo baki ya karɓe, ya cusa shi ƙarƙashin fiffikensa.

"A nan musanya ake yi," ya ce. "Wani ya ajiye mai zafi ya fito ya ɗauki mai sanyi."

Ɗakin ba shi da bango, sai sarari fari fat da wani dogon tebur da ba a ganin ƙarshensa. Ƙafafun teburin a cikin ruwa suke. Dattawa maza da mata na zaune a gefe da gefe, ruwan ya kai musu gwiwa, kowa ya naɗe wandonsa da kyau yana ci gaba da magana. Ba mugaye ba ne, na ga haka a fuskokinsu. Gajiya ce ta yi musu yawa, wasu har gemunsu ya tsiro ya sauka cikin kofin shayi.

A tsakiyar teburin akwai sikeli, wani mutum mai tabarau yana awo. Ana kiran sunan gari, sai asarar garin ta taso kan ruwa ta hau faranti. Na ga gada ta hau, allurar ta motsa. Na ga buhunan shinkafa, na ga shanu, na ga rufin makaranta. Duk allura ta motsa, dattawan suka gyaɗa kai. Daga nan sai wata inuwar tsamiya ta zo ita kaɗai, ba bishiyar, ta hau faranti. Allura ba ta ko girgiza ba. Waƙar daka ta zo, sunan wata unguwa ya zo, hanyar da amare ke bi zuwa rafi ta zo tana jan jiki. Mai tabarau ya duba, ya sake dubawa, ya hure su da baki. Suka tashi sama suka manne a farin sararin, inda dubbai irinsu suka riga su.

Zalɓen ya nuna mini ƙarƙashin teburin. Akurki ne a jere, kowanne an yi shi da sanduna biyu masu lanƙwasa, a cikin kowanne akwai jimla ɗaya tana kai da komo. Wasu sun yi ƙiba, an daɗe ana ba su tsaba. A can ƙarshe na ga wata 'yar ƙarama, jiƙe sharkaf, ta cusa kai cikin fiffike.

"Layinku ke nan," in ji zalɓen.

Na ɗaga masa gira, tunda ba ni da bakin tambaya.

"In aka tashi ba wanda ya kira ta da abin da ta ƙunsa, tsintsiya ce za ta bi ta kanta."

Sai na ji an ce, "Kwarin Jirgi."

Na ɗago kai. Na hango makabartarmu tana tahowa daga nesa, ƙasa ja da itacen aduwa a tsakiya. Amma kafin ta iso, wani abu ya riga ta. Wani dodon koɗi ne ya fito daga cikin na'urar tafinta da ke kunnen mai tabarau, ya rarrafa ya hau faranti, ya miƙe ƙahonninsa, ya yi magana da muryata, muryata sak, har da ɗan murmushin da nake yi wa baƙo.

"Lafiya lau. Mun gode Allah."

"Madalla," in ji mai tabarau. "Ga gari ɗaya da ya huta." Dattawan suka yi ajiyar zuciya, wata har ta share hawayen murna. Makabartar ta tsaya cak a kan ruwa, ta juya a hankali, ta koma inda ta fito.

Na miƙe cikin kwalekwalen ina ɗaga hannu, ina buga ƙafa, ina shafa fatar da ta rufe inda bakina yake. Ba wanda ya kalle ni. Ban taɓa jin haushin kowa kamar yadda na ji haushin wannan dodon koɗin ba, kuma abin takaicin, ba ƙarya ya yi mini ba. Abin da na ba shi shi ya kawo.

Zalɓen ya juya kwalekwalen. Da muka fita ya zaro bakina ya miƙo mini, da ɗuminsa. Na mayar na ce, "Bi ta! Bi makabartar!"

"Sai mun wuce ta gaban mai ita."

Rafin ya fitar da mu waje, inda masu tsaro ke duba kati. A can gefe, bayan shingen ƙarfe, wata tsohuwa na zaune ta miƙe ƙafa. Zanenta a jiƙe yake, gefensa ya malala ya bi titi har inda ido ba ya kaiwa, kifaye na wasa cikin ninkinsa. A kanta akwai wata ƙatuwar ƙwarya da ta danne mata wuya. Ban taɓa ganin fuskarta ba, amma na san ƙamshinta tun ina goye. Kogin garinmu ne.

Na rusuna. "Sannu, Iya. Ina wuni?"

Ta dube ni sheƙeƙe. "Ke har yanzu ba ki gaji ba? Ranar da na shigo garinku, kin ji na yi sallama?"

Raina ya ɓaci, na manta da ladabi. "Ke kika cinye mana makabarta."

"Ɗauka na yi. Ni ba ni da ciki." Ta sauke ƙwaryar da nishi. A ciki na ga turmi, na ga ƙyauren ɗakin Gwaggo, na ga allon wani yaro da rubutun bai gama wankewa ba. "Duk wannan kina tsammani so nake? Da ina da iyakata, kakanninki sun san ta, sun kafa mata turke. Yanzu ana ɗora mini ruwan da ba nawa ba. Dubi can."

Na duba. Can ƙarshen duniya wasu dogayen bututu na fitar da hayaƙi, hayaƙin yana taruwa ya zama hadari, hadarin yana tafowa a layi kamar mata masu zuwa biki, kowanne in ya iso sai ya juye kayansa a kan tsohuwar ya wuce.

"Wata shekara su hana ni ko ɗigo har in bushe in tsage," ta ce. "Wata shekara su juye mini na shekara uku a mako ɗaya. Ni ma aiko ni aka yi."

"To ki shiga ki faɗa musu."

"Wai ba ni da kati." Ta yi dariya, ruwa ya zubo ta gefen bakinta. "Ba komai. Ta ƙarƙashin ƙofa nake bi. Kin ga ai na kai musu gwiwa. Amma ni ba na iya magana sai da ɓarna, ke kuwa an ba ki baki."

"Ina kika kai Baba?"

Ta ɗaga gefen zanenta, muka shige ta ƙarƙashi.

Duhu ya rufe mu kaɗan, sannan gari ya waye a kan wata gona. Dawa ce ta yi tsayi ta nuna, kwalekwalen na ratsa kunyoyinta kamar ruwa. Da na ɗaga kai na ga ba zangarniya ba ce a kan karan. Makirufo ne, kowane kara da nasa, kowanne da jan ido ɗaya a buɗe. Iska na kaɗa su suna raɗa. Ɗaya ya sunkuyo daidai fuskata.

"Me kika kawo?"

Na gyara murya. "To, da farko dai ina gaishe da..."

Idon ya rufe, karan ya yi yaushi ya kwanta. Na matsa ga na gaba.

"Me kika kawo?"

"Ina yi wa iyayenmu barka da..."

Shi ma ya kwanta. Na ce wannan karon ba zan yi ba, na cije leɓe, na buɗe baki, sai ga "ranku ya daɗe" ta faɗo da kanta. Haka na bi kunya guda ina kashe dawa, har na waiga na ga bayana duk a kwance. Kara ɗaya ya rage, tsoho, idonsa na lumshewa.

"Yarinya," ya ce, "kin ɗauke mu zaure, inda ake shimfiɗa tabarma. Mu guga ne. Abin da kika fara zubawa shi muke kaiwa sama."

"Ba zan iya faɗa wa manya magana tsirara ba. Ba a yi mini tarbiyyar haka ba."

"Wa ya yi miki tarbiyyar?"

"Babana."

"To ga shi can. Tambaye shi."

Gonar ta janye kamar an naɗe tabarma. Ruwa ne ko'ina, shiru, launin sararin la'asar. A tsakiyarsa makabartar Kwarin Jirgi ce ke shawagi, guntun ƙasa ja da itacen aduwa. Mutane na zaune a kanta cikin fararen kaya, sun ba ni baya suna fuskantar gabas. Mutum ɗaya ne kawai ya juyo. Yana zaune a gindin aduwar yana ɗinkin tarun kamun kifi, ya riƙe zaren da babban yatsan ƙafa yadda ya saba. Malam Sallau ne, mahaifina, da ɗan tabon ƙugiya a haɓarsa.

Duk abin da na tara in faɗa masa ya zo mini baki. Amma gwiwoyina sun riga sun kai ƙasan kwalekwale.

"Baba, ina wuni?"

"Lafiya lau, Barira. Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

Tsibirin ya matsa baya kaɗan. Na ɗauka idona ne.

"Ya mutanen gida?"

"Suna lafiya."

"Ya Tabawa da ƙafa?"

"Da sauƙi, Baba."

Ya ƙara matsawa. Yanzu tsakaninmu ya fi tsawon gora. Na waiga in ce wa zalɓe ya tuƙa, sai na ga ba kowa a bayana, katinsa kawai ke yawo a kan ruwa.

Baba ya ɗago kai daga tarun. Ya yi mini tambayar da kowa ke yi wa kowa da damina, wadda ko yaron goye ya san amsarta.

"Ina ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara."

Ai kuwa sai igiyar ruwa ta ɗauki tsibirin ta yi gaba da shi. Gefen ƙasar ya gutsure ya faɗa, wani mai farin kaya ya bi shi ba ko ƙara. Na sa hannu biyu ina tuƙi, ina kuka, kwalekwalen ya ƙi motsi.

"Barira," ya kira daga nesa, muryarsa ba ta canja ba, "ina ruwa?"

"Ya yi gyara, Baba!" Na faɗa ina kuka, ina jin abin da nake faɗa, na kasa tsayar da shi. Tun ina 'yar mitsitsiya, ko rufin ɗaki ruwa ya ɗauke, haka ake amsawa. Ba a kushe ruwa, kyautar Allah ce.

Ya ajiye tarun. Sai na ga ransa ya ɓaci, irin ɓacin ran da yake yi ba ya ɗaga murya.

"Ni na koya miki gaisuwa, kuma ban yi nadama ba. Amma ban ce ki shimfiɗa ta a kaina ki rufe ni da ita ba."

"Baba, ka ce kullum a gode wa Allah."

"Ki gode masa, Shi ya san abin da ya faru. Waɗancan mutane ne. In ba ki faɗa musu ba, ba su sani ba."

"Kunya nake ji. Kamar na je roƙo da kabarinka."

"Roƙo aka aike ki? Tabawa cewa ta yi ki faɗa."

Yanzu ya yi nisa har aduwar ta koma kamar tsinke. Fararen kayan suna haɗewa da hasken ruwa. Na san in ya ƙara tambaya na ƙara amsawa yadda na saba, ba zan sake ganin ko inuwarsa ba. Muryar ta zo siririya, ta bi saman ruwa har ta taɓa kwalekwalen.

"Ina ruwa, 'yata?"

Amsar da na saba ta taso ta cika mini baki. Na riƙe ta da haƙora. Tana da zaƙi, tana da santsi, tana ta neman hanyar fita. Na haɗiye ta da ƙyar, ta sauka tana ƙona mini ƙirji.

"Ruwa ya yi ɓarna, Baba! Ya tafi da kai! Ya tafi da Kaka da Inna Ladi da jaririn Hansatu, ba mu san inda kuke ba!"

Ruwan duka ya tsaya. Tsibirin ya tsaya. Mutanen da suka ba ni baya suka fara juyowa ɗaya bayan ɗaya, na ga fuskokin da na manta na sani. Baba ya miƙe, ya tattara tarun, ya wurgo mini bakin igiyar. Tana tafe a iska, tana warwarewa, na miƙa hannu, saura kaɗan, saura ƙiris...

"Barira! Tashi! Sun kira matasa!"

Lawali ne ke girgiza mini kafaɗa. Kafet ɗin busasshe ne, jikina ne ya jiƙe da gumi. Ban san yadda na ratsa barandar ba, ban san wanda ya riƙe mini jaka ba. Na dai ga kaina a zauren, tsaye gaban makirufo. Fiye da rabin kujerun ba kowa. Waɗanda suka rage suna tsaye suna zura hannu cikin rigunan sanyi, wasu sun riga sun kai bakin ƙofa. A babban allon bango ga layinmu can, har yanzu cikin baka biyu.

Jar fitilar ta kama.

"Ruwa ya tafi da kabarin babana," na ce.

Na ji tafinta ta maimaita a cikin na'urar kunne, sannan wasu muryoyin suka ɗauka da wasu harsuna. Na faɗi sunan garinmu. Na faɗi saƙon Gwaggo Tabawa yadda ta ba ni shi, ban ƙara ba, ban rage ba. Na ce wannan layin da ke allon, shi ne kawai wurin da aka bar wa matattunmu a cikin takardar nan, in aka share shi an kwashe su sau biyu. Wani dattijo mai kati ruwan hoda, da hannu ɗaya a cikin rigar sanyi, ya tsaya. Ya zare hannun, ya koma kujerarsa, ya ɗauki allon sunan ƙasarsa ya kafa shi a tsaye, alamar yana neman a ba shi magana. Wata a bayansa ta kafa nata.

Fitilar ta mutu.

Sai a lokacin na tuna ban gaida kowa ba. Na tsaya gaban iyayen wasu na yi magana kamar wadda aka tsinta a daji. Na rusuna gaban mataccen makirufon, na ce a hankali, da Hausa, "Ina wuninku."

Daga can baya, cikin kujerun da ba kowa, wata murya mai kama da ta Baba ta ce, "Yanzu mun amsa, Barira."

Lawali ya rantse bai ji komai ba. Amma shi a lokacin fuskarsa na cikin hularsa, ba zan kafa shaida da shi ba.